Allon famfon sola da na yi wa gonar albasa a Kwalkwalawa

Aikin da Alhaji ya ba ni bai da wani nauyi a ido: ɗan allon lantarki da zai auna ruwan tanki, ya kunna famfo mai bolt 12 idan ruwa ya yi ƙasa. Na zana shi a KiCad, manhajar zana allon lantarki, na ɗora ATmega328P, ɗan guntun da ke sarrafa aikin. A kan teburina a Mabera komai lafiya lau. Da muka haɗa shi da famfon, sai lambar zurfin ruwa ta kama rawa duk lokacin da injin ya tashi.

«Yaro, ko zafin Sakkwato ne ya ruɗa ta?» in ji Alhaji.

Ba zafi ba ne. Wutar da ta fita dole ta koma batir, kuma a allon farko famfo da sensa mai auna ruwan layi ɗaya suke bi wajen komawa. Layin tagulla mai faɗin milimita 1, tsawon santimita 10, a kaurin da aka saba bugawa, turjiyarsa ta kai kusan om 0.05. Amfiya 2 ta ratsa shi, bolt 0.1 ke nan ya zauna a inda ake ɗauka sifiri ne. Shi kuwa ATmega yana raba bolt 5 gida 1024, kowane gida bai cika milibolt 5 ba. Gida 20 sun tafi a banza, kamar mai awon gero da mudun da gindinsa ke motsi.

A allo na biyu na bar fuskar ƙasan allon, a ɓangaren guntun, gaba ɗaya shimfiɗar tagulla don komawar wuta, ban tsaga ta da layi ko ɗaya ba. Wayar komawar famfo ta tafi batir kai tsaye. Kafasita 100nF, mai daidaita wuta, na manna ta dab da ƙafar wutar guntun. A nesa kusan ado ce kawai.

Tsakanin guntun da rile, wato makunnin famfon, na sa PC817, wadda haske ke ɗaukar saƙo a cikinta. Sai dai da yawa kan sa ta su kuma haɗa layin komawar wutar ɓangarorin biyu, su ba su wuta daga tushe ɗaya, to ina rabuwar? Ni kowane ɓangare da nasa. Ƙarƙashinta na bar fili babu tagulla, na shafe allon da banish, don ƙurar hunturu in ta taru ta sha laimar damina takan buɗe wa wuta hanya.