Rabin desibel da linzami mai santsi

Masitarin, wato gyaran ƙarshe da ake yi wa waƙa bayan an gama haɗa murya da kiɗa, aiki ne na ɗan motsi kaɗan. Rabin desibel (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), desibel ɗaya, in ta yi tsanani biyu. Duk wanda ya ga sai ya ɗaga shida a nan, gara ya koma wurin haɗawa ya gyara can. To amma akwai manhajojin ikwalaiza, wato masu ɗaga ko rage wani sashe na sauti kamar kaurinsa ko kaifinsa, da in ka buɗe su sai ka tarar da allo mai desibel 30 sama, 30 ƙasa. A kan ƙaramar kwamfutar da nake aiki da ita a situdiyona na Zango, rabin desibel bai kai kaurin zare ba. Ka taɓa linzamin kwamfuta kaɗan, ka wuce uku. An ba baduku gatari an ce ya ɗinka jaka.

Ba wai babu mafita ba ne. Pro-Q na kamfanin FabFilter da ke Amsterdam yana barinka ka matse allon zuwa desibel 3, 6, 12 ko 30, kuma kana iya rubuta lambar da kake so da hannunka. Rubuta lambar nan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Wutarmu mai Hz 50 ce (Hz shi ne ma'aunin mita, wato yawan girgiza a daƙiƙa ɗaya), saboda haka in wayar makirfo ta kwaso gurnani, ka san inda yake zaune: 50, da ƴaƴansa 100 da 150. Me zai sa in yi ta jan ɗigon da ke kan allo ina faɗawa 47, ina faɗawa 54, alhali na san lambar? Wata manhaja da na daina amfani da ita, in ka ja ɗigon sama sai ya zame gefe, mitar ma ta canja ba ka sani ba. Maɓalli ɗaya da zai kulle gefe ya bar sama da ƙasa, shi ke nan abin da ta rasa.

Inda na fi damuwa dai shi ne maɓallin kwatanta kafin gyara da bayan gyara. Kunne mayaudari ne: abin da ya fi ƙara, ko da ɗan kaɗan, shi yake jin ya fi daɗi. Kana ɗaga wata mita, ƙarar waƙar gaba ɗaya ta ɗan hau, ka kashe ikwalaiza ka kunna, sai ka ce kai, lalle na gyara. Ba ka gyara komai ba, ƙara kawai ka yi. Wani Alhaji da ya kawo waƙar auren ɗiyarsa ya taɓa ce mini, "Malam, bar ta haka, yanzu ta fito." Na rage ƙarar ta koma daidai da ta farko, na sake kunna masa duka biyun. Ya yi shiru, can ya ce, "To wacece ta farin?" A ganina duk ikwalaizar masitarin ya kamata ta daidaita ƙarar da kanta tun daga buɗewa, wanda ba ya so ya je ya kashe. Balle ma Spotify, manhajar sauraron waƙa, na mayar da waƙoƙi wajen -14 LUFS (ma'aunin ƙarar waƙa gaba ɗaya), ƙarar da ka yi ta fama a kanta a can za a sauke ta.

Sai saurare mita ɗaya ita kaɗai. Algaita da kakaki da na ɗauka ranar hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Damagaram suna da kaifi tsakanin Hz 2,000 da 4,000, daidai inda kunnen mutum ya fi ji, kuma a lasifikar salula, wadda da ita mutanenmu ke saurare, kaifin kan zama tsiwa. In ka danne wurin gaba ɗaya, ka kashe algaitar. Ikwalaizar TDR Nova, wadda kyauta ce, tana dannewa ne lokacin da kaifin ya taso kawai, ta saki in ya wuce. Tun 1972 injiniyan sauti George Massenburg ya bayyana ikwalaiza mai maɓalli uku, na mita da na ƙarfi da na faɗi (wanda ake kira Q), kuma har yau su ne tushen aikin. Abin da ya rage shi ne yadda hannu zai kai gare su ba tare da ya ɓata ɗayan ba.

Yaran da ke koyo a wurina da Faransanci suka yi lakwal, manhajojin kuwa kusan duk da Turancin Ingila suke, da ƙananan haruffa masu launin toka a kan baƙi. Ɗaya daga cikinsu ya tambaye ni, "Maigida, wannan Q ɗin fa?" Da na ɗora yatsansa kan tayar linzami ya ga tudun yana faɗi yana tsukewa, bai sake tambaya ba. Yanzu shi ke cire gurnanin wuta a tallace-tallacen rediyo da ake kawo mana, ni sai dai in saurara in ce a tura.