Ashe allo ne ba ya gani

Jiya ma'aikatan lafiya suka zo awon lafiyar yara a firamarenmu a wani ƙauye wajen Auyo, wallahi jikina ya yi sanyi. Yaron da kowa ke ce wa daƙiƙi, ashe allo ne ba ya gani. Sai da ya matso gab ya gane harafin. Masu fitsarin jini kuwa ba a magana. Tsargiya ce, daga wanka a ruwan fadama, wasu iyayen ma alamar balaga suka ɗauke ta. Ƙwayar praziquantel ke maganinta, gwargwadon tsawon yaro ake bayarwa.

Wadda ta fi tsaya min a rai yarinyar da ta daina magana tun rasuwar mahaifiyarta. Takardar awon babu gurbin damuwa. Na roƙi malamar asibiti ta dawo ta zauna da ita, ta ce sai ranar kasuwa.