Asabar ɗinmu da kofunan fenti a Yantala

A gidanmu ba a son zanen abu mai rai, shi ya sa tun ina lakwal ban taɓa sa kaina a sahun masu zane ba. Da ƙawata ta ce in raka ta wani aji da ake yi ran Asabar a tsakar wani gida a unguwar Yantala da ke Yamai, na ce mata in je in yi me? Ta ce ke dai zo, babu fensir, babu buroshi, zuba fentin ake yi.

Haka kuwa na tarar. Tebura an lulluɓe su da leda, ga kofunan roba, ga 'yan sandunan motsawa, ga fentin akirilik kala-kala. Yawancinmu mata ne, sai 'yan jami'a, sai wani dattijo mai fentin gidaje da ya zo gane wa idonsa. Hausa da Zabarmanci da Faransanci duk a cakuɗe.

Mafi yawan lokacin a wurin haɗi yake tafiya, kuma a ganina nan ne karatun yake. Kowace kala da kofinta. Akwai ruwan haɗi na musamman da ake sayarwa don wannan aikin, amma yana da tsada, don haka malamarmu tana amfani da farin gam na kafintoci da aka sirka da ruwa. Za ki yi ta motsawa a hankali har kaurin ya yi kamar na koko: in kin ɗaga sanda ya sauko zare guda bai tsinke ba. Sai ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana duba kowane kofi, "Ƙara ruwa kaɗan, ƙanwata. Tanti, naki ya yi, bar shi haka." Dole kaurin duk kalolin ya zo daidai, in ba haka ba mai ruwa-ruwa ta gudu ta bar mai kauri a baya. Daga nan a ɗiga man silikon ɗigo ɗaya ko biyu, a zuba kalolin cikin kofi guda, wata kan wata, ba a juyawa. A ɗora allo a bakin kofin, a kife, a ɗan jira.

Ɗaga kofin nan shi ne abin da ya sa na ce wannan aikin na taro ne. Duk wadda za ta ɗaga, sai kowa ya bar nasa a zo a kewaye ta. Fenti ya malalo, sai ki ga ƙananan idanu suna buɗewa da kansu, shuɗi cikin fari, ja cikin shuɗi, ana ta "Masha Allah". Tana karkata allon ana yi mata jagora, "A hankali! Ya isa, kar ki zubar da mai kyan!"

Idanun nan suna da dalili. Kaloli ba nauyinsu ɗaya ba. Farin fentin da ake kira titaniyom ya fi yawancinsu nauyi, to idan yana sama sai ya nutse, marasa nauyi su taso ta cikinsa. Shi kuma silikon ba ya haɗuwa da ruwa, sai ya ture fentin gefe ya buɗe wa na ƙasa hanya. Mai zanen nan na Meziko, David Alfaro Siqueiros, ya yi gwaje-gwajen zuba kala kan kala a wurin aikin da ya buɗe a birnin Niyok a 1936, kuma Jackson Pollock, Ba'amurken da daga baya ya yi suna a zane, yana cikin matasan da suka yi aiki a wurin. Da malama ta faɗi haka, dattijon nan ya ce shi ya sha ganin irin wannan a gindin bokiti, bai taɓa tunanin a rataye shi a bango ba.

Abin da bidiyoyin intanet ba za su koya miki ba shi ne yanayin Yamai. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, saman fentin ya bushe ƙasan yana ɗanye, sai ya tsage. Lokacin hunturu kuma ƙura ce, ta sauka a kan ɗanyen fenti ta zauna ke nan. Don haka da safe muke yi, a inuwa, a kashe fanka. Ana gamawa a ɗora allon a kan kofuna huɗu a wuri mai daidai, don ko ɗan karkata ya yi zanen zai zame cikin dare, sannan a kife masa kwali. Sai ya kwana biyu ko uku kafin a taɓa shi. Allunan ma ba daga waje suke zuwa ba, guntayen katako ne da ake yanko mana a kasuwar Katako, a goge, a shafa musu farin fenti tukuna.

Ki zo da tsohon zani, akirilik in ya bushe a tufa ba ya fita. Safar hannu kuwa kar ki yi wasa da ita, domin fentin yakan bushe a farce ya zama kamar leda, sai kin kankare kafin alwala. Abu guda da yake damuna shi ne yawan fentin da ke tsiyaya a banza. Na roƙi malama mu riƙa tara shi a tire, ya bushe a ɓamɓare, kar a wanke shi a kwata.

Tantin da ke zama kusa da ni mai rini ce, kuma idonta a kan kala ya fi na kowa a wurin. Ita ta hana ni haɗa kore da ja a kofi guda, ta ce laka za su ba ni. Ta yi alkawarin kawo ƙore Asabar mai zuwa mu gwada zubawa a bayansu, ni kuma an ɗora mini nemo kwalayen da za su rufe su.