Ruwan rini da ka gangarowa lungunmu

Duk ranar da maƙwabciyata ta yi rinin shadda kwatar lungunmu sai ta koma shuɗi, wata rana jajawur, ga warin haidiro, sinadarin da ake haɗa rinin da shi, shina cika hanci. Ban taɓa damuwa ba sai ran da na iske ɗiyan maƙwabta suna tsoma ƙafa ciki suna wasa, akuya kuma na sha daga gefe, wallahi ranar na kasa cin abinci.

Rinin yanzu ba irin na kakanninmu ba ne. Da can baba ne da toka cikin rijiyar marina, kuma ko laƙar da ta kwanta ƙasa ba a zubarwa, ƙonawa ake yi ta zama katsi a sake anfani da ita, har magina na sa ta cikin laso. Yanzu kuwa garin kala ne na kanti da kostik soda da haidiro, an gama a tuntsure baho waje, to ina ruwan nan za shi? Damina ta zo ya bi lambatu ya gangara fadama, inda ake noman albasa da shinkafan da muke ci. Kalar kanta tana tare hasken rana, ciyawar ruwa ta kasa rayuwa, iskar da kifi ke shaƙa ta ragu. Kuma wasu kalolin da ake kira azo in sunka wargaje suna sakin sinadarai masu jawo kansa, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana irinsu a tufafi tun 2002.

Na gwada wani abu da kaina. Na ɗebo ruwan cikin gora biyu, ɗaya na sa alif, ɗaya na daka ƙwayar zogale na zuba, na girgiza na aje. Kafin la'asar dattin ya dunƙule ya kwanta ƙasa, sama ya washe sosai, duk da akwai sauran launi. Sauran nan shi ne aikin gawayi, amma ba na shayi ba fa, wanda anka gasa musamman har ya yi ƙananan ramuka masu kama kala, kuma ana iya yin shi da ɓuntun shinkafa ko totuwar masara ko ɓawon gyaɗa, abubuwan da muke ƙonawa banza nan Sakkwato.

Amma kar wani ya ga ruwa ya yi fari ya ɗauka ya gyaru, sodar tana nan ciki, ita ke cinye hannun marina, dole a kashe kaifinta kafin a saki. Laƙar kuma in ka watsa ta bola aikin banza ka yi.

A Indiya, garin Tirupur, 2011 kotu ta sa anka rufe masana'antun rini sama da 700 saboda sun kashe gulbin Noyyal. Mu namu ƙananan marina ne na cikin gida, ba na son a rufe ma kowa sana'a, maƙwabciyar nan tawa marayu take ciyarwa da rinin ga. Na same ta na ce Inna, mu haƙa rami biyu bayan gida mu shafe da siminti, na farko ruwa ya kwana da alif, na biyu yashi da gawayi. Ta ce in kawo siminti ita za ta biya lebura. Buhu ɗaya na saya, ranar Assabar in Allah ya kai mu za a fara haƙa.