Sau biyar ina harhaɗa kanel, ashe waya ce ta sha ruwa

A daminar 2003 ina aiki a wani shagon buga takardu a Zariya. Kwamfuta huɗu gare mu, da injin fotokwafi ɗaya, da layin wayar ƙasa guda. Da layin nan ake kira, da shi ake aika fakis, da shi kuma muke shiga intanet. Na dami maigidana har ya yarda in ɗora Linux, wata manhajar tafiyar da kwamfuta kamar Windows, a kan tsohuwar kwamfutar da ke lungu, don ta riƙa ɗauko intanet tana rarraba wa sauran ukun. Wani ɗalibi ne ya kwafo min faya-fayan Debian 3.0, wani nau'in Linux da ake wa laƙabi da Woody. Tun daga ranar ba ni da zance sai na kanel, har wani abokin maigidan ya tambaye ni wane Kanar ne wannan da ya hana ni barci.

Kanel shi ne ƙashin bayan manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Shi ke magana da ƙarafunan ciki, ya raba wa kowace manhaja lokacinta da wurinta. Na Linux, Linus Torvalds ne ya fara rubuta shi a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, aka kuma bar rubutun asalin a buɗe. Kowa na iya ɗauka ya ɗinka daidai jikin kwamfutarsa, kamar tela da yadi. Ni abin da ya kai ni ga ɗinkin shi ne modam, na'urar da ke haɗa kwamfuta da intanet ta layin waya. Wanda ke cikin kwamfutar irin mai arahar nan ne da ake kira winmodam. An rage masa kayan ciki, an bar wa direban Windows, wato 'yar manhajar da ke sarrafa shi, rabin aikin, don haka a Linux bebe ne sai ka samo masa direba ka haɗa shi daidai da kanel ɗin da kake kai.

Sauko da rubutun kanel na jerin 2.4 ma aiki ne. Ya haura megabayit ashirin, layin kuma idan ya yi kirki kilobayit uku zuwa huɗu yake kawowa a daƙiƙa. Sai bayan isha'i nake farawa, lokacin da ba mai zuwa yin kira. A nan na san darajar wget -c, mai ci gaba daga inda aka tsaya idan layi ya yanke.

Haɗina na farko rawar kai ce zalla. Na buɗe make menuconfig, inda ake zaɓen abin da zai shiga kanel, na yi ta cire duk abin da ban gane ba, wai ina son kanel mara nauyi. Direban faifan ciki ma na mayar da shi modul, wato guntun da ake lodawa daga baya. Ban tsaya na yi tunanin cewa daga faifan za a ɗauko guntun ba, alhali ba a iya karanta faifan sai da shi. Mabuɗin ɗaki ne na kulle a cikin ɗakin. Na bi su make dep, make bzImage da make modules, na zauna ina kallon rubutu na gudu a allo kamar na san abin da yake cewa. Da aka gama na kwafe sabon kanel a kan tsohon, suna ɗaya, wuri ɗaya. Na sake kunna kwamfuta, ta yi ɗan gudu, ta tsaya cak: ta kasa hawa faifan tushe, wato faifan cikin da Linux ɗin ke kai. Ba tsohon da zan koma wa, ni na shafe shi da hannuna.

Faifan Debian na farko ya cece ni, don yana da hanyar tayar da kwamfuta ta gaggawa. Amma sai da na kwana a shagon, sauro na cin rabonsa.

Bayan wannan ne na koyi ƙunsa kanel yadda mutanen Debian ke yi a lokacin, da make-kpkg. Maimakon ka watsa fayiloli da hannu, zai harhaɗa komai ya ɗaure maka a ƙunshi ɗaya mai ƙarewa da .deb. Ka girka da dpkg, tsohon kanel na nan a gefe da sunansa, in sabon ya ƙi ka koma. Kowane haɗi ina ba shi lamba, ina adana fayil ɗin .config nasa, ina rubutawa a littafin 'yan makaranta abin da na canza. Na kuma haddace cewa LILO, manhajar da ke ɗauko kanel idan an kunna kwamfuta, ba ya sanin an sauya kanel sai an sake gudanar da shi. Ƙunshin nan ko a kwamfutar wani ka kai shi zai girku, kuma cire shi umarni ɗaya ne. A ganina wanda ya iya haɗa kanel bai iya ƙunsa shi ba, rabin sana'ar ya koya.

Winmodam kuwa na gaji da shi, don duk sabon kanel sai an sake haɗa direbansa. Maigida ya sayo modam na waje, na hannu, mai jerin fitilu a goshi, muka soka shi a /dev/ttyS0, wato abin da Windows ke kira COM1. Da pppconfig na saita shi, pon ya kira, poff ya kashe. Sati biyu lafiya lau.

Sai Agusta ta shigo. Modam zai kira, ya yi kukan nan nasa mai kama da faɗan kyanwa da gyare, ya haɗa, bayan minti uku ko biyar ya saki: NO CARRIER, wato layi ya yanke. Wani lokaci ya haɗa a gudun 14,400 maimakon 33,600 da muka saba gani. Da yake kanel ne abin da na iya, kanel na tuhuma. Na ce ai sashen PPP ne, mai kula da haɗin intanet ta layin waya, na mayar da shi cikin jikin kanel. Bai daina ba. Na fitar da shi modul. Na cire matse bayanai, na maido. Na taɓa direban mashigar modam. Sau biyar ina haɗi, kowanne ya kusa cinye awa guda, ɗaya ma ana tsaka da shi aka ɗauke wuta, janareta ba mai. Abin kunyar shi ne plog, umarnin da ke nuna rahoton kowane kira, yana nuna min abin da ke faruwa tun ranar farko. An karɓi sunanmu da kalmar sirri, an ba mu adireshi, komai ya kammala, sannan modam ya ajiye waya. Ba inda pppd, manhajar da ke riƙe haɗin, ya yi ƙorafin kanel. Ina karantawa, amma abin da nake so in gani nake nema.

Ranar wata Laraba wani dattijo mai gyaran layukan waya ya shigo yin fotokwafi, ya tarar da ni na haɗa tagumi. Na shiga zuba masa bayanin modul da PPP. Ya bar ni na gama.

"Yaro, ka saurari layin kuwa?"

"Baba, ai modam ɗin yana jin sa, tunda yana kira."

"Ban ce modam ba. Kai, da kunnenka."

Ya ɗaga kan wayar, ya danna lamba ɗaya don ƙarar layin ta ɗauke, ya kara min a kunne. Sai ƙas-ƙas nake ji, kamar ana suyar ƙosai a nesa. Ya ce in biyo shi. A bayan shago, daidai ƙarƙashin indararo, akwai inda aka taɓa haɗa wayar aka naɗe da leda. Ya warware, ruwa ya ɗigo, jan ƙarfen ya zama kore. Mai magana da baki zai jure wannan hayaniyar, ya ce "me ka ce?" a maimaita masa. Modam kuwa sauti yake aunawa dalla-dalla, in hayaniya ta yi yawa sai ya rage gudu, in ta ƙi ƙarewa ya saki layin. Dattijon ya yanke wurin da filaya, ya fere sabon baki, ya murɗa, ya naɗe da tef, ya ɗaga wayar sama da bin ruwa. Bai yi minti goma ba. Ya ƙara da cewa in na ga hadari ya haɗo in zare layin daga modam, don tsawa ta waya take biyowa.

Daga ranar na sauya tsari, daga ƙasa nake farowa. Kunne a kan waya tukuna. Sannan in buɗe minicom, manhajar magana da modam kai tsaye, in rubuta ATZ, in ga ko modam zai ce OK. Sannan ATDT, umarnin kira, da lambar kamfanin intanet, da lasifikar modam a kunne don in ji inda kiran ya tsaya. In ya ce NO DIALTONE alhali layin na aiki, ATX3 kan sa ya kira ba tare da jiran ƙarar ba. In an haɗa amma aka kore mu nan take, in duba pap-secrets, fayil ɗin sunanmu da kalmar sirri. In an haɗa shafi ya ƙi buɗewa, in gwada ping, umarnin ƙwanƙwasa wata kwamfuta a ji ko za ta amsa, da lambar adireshi. In ta amsa, matsalar fassara sunan shafi zuwa lamba ce, fayil ɗin resolv.conf za a duba. Kanel ya koma can ƙarshen layi, kuma da wuya a kai gare shi.

Akwai wata yankewar da ta rage, kullum wajen ƙarfe huɗu na yamma. Wannan karon ban taɓa komai ba, na zauna na sa ido. Yaron shagon ne ke ɗaga ɗaya kan wayar da ke ɗakin ciki yana kiran gida a ajiye masa abinci. Na yanki kwali na rubuta "ana kan intanet" na rataya a jikin wayar. Littafin nan nawa har yanzu yana nan, a shafin haɗi na biyar na rubuta da jan biro: waya ce, bayan shago.