Wasiƙun da na ƙi buɗewa

Lokacin da nake aikin albashi, haraji bai taɓa hana ni barci ba. Ana cire shi kafin kuɗi su shigo hannuna, shi ke nan. Da na ajiye aikin na kama sana'ar kaina, sai na ci gaba da zama kamar har yanzu akwai mai cire mini. Shekarar farko mantuwa ce. A ta biyu na tuna, amma kuɗin sun riga sun tafi a hidima, na ce sai na tara tukuna. Ta uku kuwa tsoro ne zalla. Wasiƙun hukumar haraji suna zuwa, ina cusa su a durowa ko buɗewa ba na yi.

Wani kamfani ne ya tona mini asiri, ya ce ba zai ba ni aiki ba sai ya ga takardar shaidar biyan haraji. Daren nan na zauna na buɗe wasiƙun ɗaya bayan ɗaya. Adadin da na gani ya kusa ninka abin da nake zato.

Mutumin farko da na je wurinsa ko takarda ɗaya bai duba ba ya ce zai sa a share mini mafi yawan bashin, in dai na biya shi a gaba. Maganar ta yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Abin da ya tsayar da ni shi ne na nemi ya rubuta alkawarin, sai ya shiga kame-kame.

Ta biyu akanta ce mai rajista, kuma ba ta yi mini alkawarin komai ba. Ta ce, "Malam, ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Kawo duka, har wanda kake jin kunyarsa." Ta baje wasiƙun a tebur ta rarraba mini bashin gida huɗu: asalin harajin, tarar rashin shigar da bayanan kuɗin shiga, tarar jinkirin biya, sai kuɗin ruwa da ke hauhawa. A nan na gane wautata. Na ɗauka ba amfanin cike fom in babu kuɗin biya, ashe laifi biyu ne daban, kowanne da tararsa. Da na riƙa shigar da bayanai a kan lokaci, ko da aljihu babu komai, da tara ɗaya ba ta hau kaina ba.

Ta kuma nuna mini dalilin kumburin adadin. Tunda na yi shiru, hukumar ta yi ƙiyasi da kanta daga abin da masu ba ni aiki suka ce sun biya ni, ba ta cire ko kuɗin da na kashe wajen gudanar da sana'ar ba. Ina za ta sani? A ƙasan wasiƙar an rubuta ina da kwana 30 in ƙalubalanci ƙiyasin. Na shekarar farko wa'adinsa ya ƙare tana kwance a durowa.

Aikin da ya fi cin rai shi ne tono tarihi. Na ciro bayanan asusun banki na wata 36, kuma da yake asusu ɗaya nake cefanen gida da harkar sana'a, sai da muka bi layi-layi ina tuna wannan na mene ne. Kuɗin da na san na kashe amma babu rasit, ta ƙi sakawa. Na yi ta musu, ba ta ko ɗago kai ba. Sai dai mun ci karo da abin farin ciki: wasu kamfanoni sun riƙa cire wani kaso na haraji kafin su biya ni, ban taɓa neman takardunsu ba. Da muka karɓo, aka rage shi daga bashin.

Na sa hannu a takardar wakilci ta riƙa magana da hukumar a madadina. Ta gaya mini ƙarara cewa da ɓoye kuɗin shiga na yi da gangan, lauya za ta tura ni, don wannan ya wuce lissafi. Aka yafe wani ɓangare na tara, kuɗin ruwa kuwa ko kusa. Aka amince in biya kashi-kashi cikin wata 18, da sharaɗin harajin bana ya shiga a kan lokaci, in ba haka ba yarjejeniyar ta rushe.

Ladan aikinta ya yi mini nauyi a lokacin, amma a rubuce yake tun ranar farko, kuma bai kai rabin abin da ta rage mini ba. Yanzu na buɗe asusu na biyu, duk kuɗin da ya shigo sai na zare kason haraji kafin in taɓa saura. Biya bakwai suka rage mini.