Garin da suka yi wa mawaƙi gada

Kwana tara ke nan da dawowata daga Ayilan, har yanzu sanyin ƙasar bai gama fita daga gwiwoyina ba. Ƙanena ne ya gayyace ni, yana aikin jinya a can shekara ta shida. Zancen jirgi da layin filin jirgi na bar shi, sai dai jami'in da ya riƙe fasfona da yatsa biyu kamar ya tsinci ƙazanta, ya tambaye ni sau uku ranar da zan koma. A karo na ukun na ce masa ai na bar akuyoyi a gida. Bai yi dariya ba, ya buga hatimi.

Ranar Asabar ƙanena ya ce, "Yaya, shirya, yau za ka ga gari." Muka hau jirgin ƙasa daga tashar Connolly a Dublin, layin da ke zuwa Sligo, bayan awa ɗaya da 'yan mintoci muka sauka a Mullingar. Gari ne ƙarami, mashigin ruwa ya kewaye shi, ga wata majami'a mai hasumiya biyu da ake hangowa daga nesa. Na sayi shayi a hanya, yuro 3 da rabi. Da na juya kuɗin zuwa naira a raina, sai shayin ya daina daɗi. Ba madara mai kauri, ba burodi, ba hira da mai shayi.

A dandalin kasuwa na ci karo da mutum-mutumin tagulla, mutum sanye da kwat, riƙe da makirfo. Na ɗauka wani gwamna ne ko janar. Ashe mawaƙi ne, Joe Dolan, ɗan garin, an haife shi a 1939, ya rasu ranar 26 ga Disamba 2007, aka kafa masa wannan a 2008. Ƙanena ya ƙara da cewa akwai gada a bayan gari mai tsawon mita 540 da aka sa wa sunansa. Gada fa! Na tsaya ina tunanin Shata, wanda ya shekara sama da hamsin yana cika mana kunne, amma har gobe akwai gidan da in ɗan mawaƙi ya zo neman aure za a ce a bincika asali.

Wadda ta buɗe mini labarin sosai wata tsohuwa ce, uwar abokin aikin ƙanena, da ta matsa sai mun ci abinci a gidanta. Ta haura tamanin. Tun kafin mu zo ta tambayi abin da ba ma ci, ta dafa kifi da dankali, dankalin ma iri biyu, ta ajiye mini tawul mai tsabta a ɗaki don in yi salla. Wallahi ta kunyata jami'in filin jirgin nan ba tare da ta san shi ba. Ina ce mata na ga mutum-mutumin, sai ta ajiye cokali.

Ta ce lokacin ƙuruciyarsu, wajen 1960 zuwa sama, babu ƙauyen da ba shi da zauren rawa. Makaɗan da ke zagayawa su ake kira showband: maza bakwai ko takwas, kaya iri ɗaya, da ganguna da jita da kakakin Turawa, suna maimaita duk waƙar da ake yayi a rediyo. Wani zauren yakan ci mutum dubu biyu. Ba a sayar da giya a ciki, lemo ne kawai da shayi, don haka mazan sai sun biya mashaya sun aro ƙarfin hali tukuna. Mata a jere a bango ɗaya, maza a ɗaya. Ta tashi tsaye, da sandarta, ta nuna mini yadda saurayi ke ratso fili ya miƙa hannu, da yadda budurwa ke kau da kai in ba ta so, shi kuma ya koma da kunyarsa a idon jama'a. Na ce mata, "Mama, ai wannan dandalinmu ne, kalangu kawai babu." A irin wannan zaure ta haɗu da mijinta, Allah bai yi zan gan shi ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, a wancan zamanin, in azumin Kirista na kwana 40 ya kama, limaman coci ba sa yarda a yi rawa, zaurukan su rufe, makaɗa su tsallaka Ingila ko Amurka neman abinci wajen 'yan ƙasarsu da ke ci-rani. Mu ma ai haka makaɗan biki ke zaman jiran Salla.

Shi Joe, auta ne a cikin 'ya'ya takwas, ya fara da koyon jera haruffa a maɗaba'ar jaridar garin, sannan shi da yayansa Ben suka kafa ƙungiyar Drifters. A 1969 waƙarsa Make Me an Island ta kai ta 3 a jerin waƙoƙin Birtaniya, daga nan Turai ta san shi. A 1978 ya je Tarayyar Sobiyat ya yi wasa, lokacin da ba kowane mawaƙin Yamma ke shiga can ba. Da zaurukan suka fara mutuwa, saboda otal-otal masu giya da gidajen disko sun kwashe matasa, makaɗa da yawa sun koma gona ko tuƙi. Shi sai ya koma waƙa a otal, inda mutane ke zaune a tebur suna ci suna sha, sanye da farar kwat ɗinsa, yana gumi har rigar ta manne. Tsohuwar ta rage murya ta faɗa mini abin da mata ke jefa masa a dandamali. Ba zan rubuta ba. Na tambaye ta ko ita ma ta taɓa jefawa, ta ce in ƙara dankali.

Ra'ayina dai, muryar tana da ƙarfi, amma kiɗan bai ratsa ni ba, ya yi mini kama da na talla. Duk da haka da muka shiga wani shagon gwanjo na ga faifan garmahonsa, yuro 2. Na ce yuro 1. Matar ta dube ni kamar na zagi iyayenta, ƙanena ya ja rigata: "Yaya, don Allah, nan ba a tayi, kuɗin na marasa lafiya ne." Na biya 2, na ƙara 1 don wanke kai. A Kurmi da an yi mini dariya.

Washegari Athlone, mun ga kogin Shannon cikin ruwan sama. Galway iska ta karya mini lema. Belfast kuɗinsu ma daban ne, fam, ban daɗe ba.

Faifan yana nan kan durowa. Na aika yaro Sabon Gari ya nemo mai gyaran garmaho, har yanzu bai dawo da labari ba.